Manhajar da ke daidaita kanta: ina abin binciken yake?

Wani ɗalibi ya rubuto mini daga Makka. Ya ce haifaffen Sharamansur ne, yana majistir, wato digiri na biyu, a kimiyyar kwamfuta, kuma mushrif ɗinsa, malamin da ke duba aikinsa, ya ba shi shawarar ya rubuta risala, wato kundin bincikensa, a kan manhajar da ke daidaita kanta, shi kuwa yana so aikin ya shafi hidimar alhazai. Abin da ya dame shi, ya karanta ya ga Kubernetes, wata manhaja mai tafiyar da wasu manhajoji, ya daɗe yana ƙara sabobi (kwamfutocin da ke amsa buƙatun masu shiga shafi) da rage su ba tare da sa hannun kowa ba, ga ƙirƙirarriyar basira kuma ta zo. Shin akwai sauran abin bincike, ko kasuwa ta riga ta watse? In akwai, ta ina zai kama?

Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai sauran aiki, mai yawa ma, sai dai ba a wurin da kake duba yake ba. Sa manhaja ta canza kanta ba wani abin wahala ba ne. Ɗalibin shekara ta uku zai rubuta maka "in nauyi ya kai kaza, a ƙara saba ɗaya" kafin shayinka ya huce. Abin da ya hana masu bincike barci sama da shekara ashirin shi ne: da wace hujja za ka yarda manhaja ta taɓa jikinta tana tsakiyar aiki, babu mai tsaye a kanta, kuma ka tabbata gyaran bai fi ɓarnar muni ba? Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa wannan tambayar yake wa hidima.

Mu fara da ginin kansa. In muka ce tsarin ginin manhaja, manyan sassanta muke nufi, da yadda suke magana da juna, da iyakokin da ba a ƙetarewa, da dalilin da ya sa aka zaɓi haka. Dewayne Perry da Alexander Wolf su suka jera abin a 1992 a matsayin sassa, da siffa, da dalili, sannan Mary Shaw da David Garlan na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka fitar da littafin da ya tsayar da fannin da ƙafarsa a 1996. A wancan lokacin maganar ta magina ce, tun ran gini tun ran zane: ka yanke manyan shawarwari da wuri, domin canza su daga baya tsada gare shi. Zanen yana kan takarda, in an gama gini a jefa shi a durowa. A 1998 Peyman Oreizy da Nenad Medvidovic da Richard Taylor, a Jami'ar Kalifoniya ta Irvine, suka kawo ra'ayin da ya haɗa tsarin gini da canza manhaja tana aiki: kada a ajiye zanen, a bar shi a raye cikin kwamfuta, manhajar tana aiki zanen yana bin halinta, in za a canza wani abu a fara canza shi a kan zanen, a duba ko ya karya wata ƙa'ida, sannan a aiwatar a kan ainihin manhajar. Ka riƙe wannan da kyau, za mu komo gare shi.

Kamfanin IBM ya shigo a 2001 da kiran a gina kwamfutoci masu kula da kansu kamar yadda jikin mutum ke daidaita bugun zuciya ba tare da mutum ya sa hankali ba, a 2003 kuma Jeffrey Kephart da David Chess suka rubuta maƙalar da har yau kusan kowace risala a fannin nan take farawa da ita. Daga wannan aikin aka samo zagayen da za ka riƙa gani da sunan MAPE-K: lura, nazari, shiri, zartarwa, dukkansu suna ɗiba daga rumbun sani guda.

Kai ba ka buƙatar zane don ka fahimci wannan zagayen, ka girma a cikinsa. Ka tuna goman ƙarshe na Ramadan, ana dab da isha'i. Akwai masu kallon cikin Harami ta kyamara, su ne masu lura. Akwai masu cewa filin ɗawafi ya kusa cika, wannan nazari ne. Sai a yanke cewa a rufe ƙofa kaza, a juya mutane zuwa bene ko sabon faɗaɗawa, shiri ke nan. Sai askar ya ja shinge, fitilar ƙofa ta koma ja. Masallaci daban, masu tafiyar da shi daban, kuma wannan rabuwar ita ce asalin darasin: a manhaja mai daidaita kanta ana ware sashen da ke yi wa mutane aiki daga sashen da ke kula da shi, don a iya bincikar kowanne shi kaɗai. Amma ka lura da abin da ke faruwa a waje bayan an ja shingen. Mutanen da suka taso daga Misfala da Jarwal da Ajyad tun minti ashirin da suka wuce ba su san an rufe ba, suna nan tafe, za su taru a bakin shingen. Wanda ya jira sai wuri ya cika kafin ya rufe, ya makara. Wanda kuma yake buɗewa yana rufewa duk minti biyu, sai ya haddasa turereniyar da ta fi cikar haɗari. Wannan jinkirin da ke tsakanin ganin abu da tasirin matakin da aka ɗauka, shi ne ƙashin bayan rabin matsalolin fannin nan.

To, Kubernetes ɗin da ya tsorata ka. Google ne ya fito da shi a 2014, kuma gaskiya ne zagayen nan ne a aikace. Amma duba abin da yake yi in an sa shi ƙara kwafin manhaja. In ba a canza saitinsa ba, duk daƙiƙa 15 yakan duba ma'auni, ya ninka adadin kwafin da ke aiki da nauyin da ake ciki, ya raba da nauyin da ake so. A ce kwafi 4 ne, kowanne yana kashi 90 cikin ɗari, kai kuwa 60 kake so: sai ya mai da su 6. In bambancin bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, ba ya motsi. In kuma ragewa zai yi, yakan duba minti 5 da suka wuce kafin ya sauko, don kada ya riƙa hawa da sauka, kamar yadda mukayyif ɗin ɗakinka, na'urar sanyaya iska, yake ƙin tayar da injinsa nan take bayan ya mutu sai ya ɗan huta. Aiki ne mai kyau, kuma ina girmama waɗanda suka yi shi. Sai dai lamba yake gani, ba gini ba. Bai san abin da ke bayan waɗannan kwafin ba.

Na ga illar wannan da idona. Wata hukuma, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, ta nemi mu duba mata tsarin rajistar da ya durƙushe a safiyar da aka buɗe shi. Mun zauna gaban allon muna bin tarihin abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. Mutane sun yi ca a kan shafin, nauyi ya hau, mai ƙara sabobi ya yi abin da aka umarce shi, ya ƙara. Amma kowace sabuwar saba, tana tashi sai ta buɗe nata layukan zuwa rumbun bayanai, shi kuwa rumbun ɗaya ne tilo, yana da iyakar layukan da zai ɗauka. Irin su PostgreSQL ma, in ba ka taɓa saitinsa ba, 100 ne kacal. Rumbun ya cika ya fara ƙin amsawa, buƙatun da suka gaza suka riƙa sake gwadawa, nauyi ya ƙara hawa, mai ƙarawa ya ƙara ƙarawa. Wani matashin injiniya da ya kwana a wurin ya nuna mini layin da ke hawa a allon da yatsa, idonsa ja, ya ce, "Dakta, duk abin nan da kake gani, taimako yake yi." Da an bar sabobin yadda suke, da rabin mutane sun yi rajista a hankali. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A nan ne zanen raye na Oreizy yake da amfani. Tsarin Rainbow, wanda Garlan da Shang-Wen Cheng da Bradley Schmerl da abokan aikinsu suka wallafa a 2004, yana riƙe da hoton ginin gaba ɗaya, da ƙa'idojinsa, da jerin dabarun gyara, kowace da kuɗinta da amfaninta. Misalin da suka shahara da shi shafin labarai ne na gwaji mai suna Znn.com: in jama'a sun yi yawa, ko a ƙara saba a biya kuɗi, ko a daina aika hotuna da bidiyo a bar rubutu zalla. Tsarin da ya san cewa rumbu ɗaya ne a bayansa zai gane cewa ƙara saba ta bakwai ba magani ba ne, ya zaɓi rage nauyin shafin ko ya sa mutane a layi. Ka ga tafwij ke nan, yadda ake fitar da alhazai rukuni-rukuni daga tantunan Mina zuwa jifa, kowane rukuni da sa'arsa. Gadar Jamarat ba ta faɗaɗa a ranar Idi. Shigowar ake tsarawa.

Akwai wata tsohuwar tambaya da nake so ka karanta ko da ba a kanta za ka yi aiki ba. Jeff Kramer da Jeff Magee na Imperial College a Landan sun tambaya tun 1990: yaushe ne ya halatta a cire wani sashe ana cikin aiki? Amsarsu ita ce sai sashen ya lafa, ba ya tsakiyar wata mu'amala, kuma babu mai shirin fara wata da shi. Ka ɗauka wata dattijuwa ta danna biyan kuɗin kujera, an cire kuɗin daga asusunta, kafin a rubuta sunanta sai mai rage sabobi ya kashe sabar da ke riƙe da maganarta saboda nauyi ya sauka. Lissafin nauyi daidai ne, amma an cuci baiwar Allah. Su biyun sun dawo a 2007 da tsari mai hawa uku: na ƙasa mai kula da sassa cikin gaggawa, na tsakiya mai zaɓar shirin da aka riga aka tanada, na sama mai sake tunanin manufa in duk shirye-shiryen sun gaza. Har yau da wannan hawa ukun nake auna duk tsarin da ɗalibi ya kawo mini.

Kada ka ɗauka ƙananan hukumomi kaɗai abin ke samu. Ka tuna 4 ga Oktoba 2021, bayan magariba agogon Makka, da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, 'yan'uwa a gida da nan kowa yana zaton layinsa ne. Bisa bayanin da kamfanin ya fitar da kansa, wani umarni da aka bayar lokacin gyara ne ya katse babbar hanyar da ta haɗa cibiyoyinsu. Amma abin da ya ɓatar da su daga intanet gaba ɗaya dabarar kariya ce: an tsara sabobin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshi cewa duk wadda ta kasa jin cibiyoyin, ta ɗauka ita ce ba ta da lafiya, ta janye sanarwar hanyarta. Dabara ce mai kyau in saba ɗaya ce ta samu matsala. Ranar nan dukkansu suka kasa ji, dukkansu suka janye. Kowace ta yi daidai, jimillar ta zama bala'i. Yadda zagaye da yawa, kowanne da hankalinsa, za su zauna a gini ɗaya ba su yaƙi juna ba, wannan ƙofa ce da har yanzu take buɗe ga mai bincike.

Saboda irin wannan ne fannin ya karkata zuwa neman hujja. Taron SEAMS na masu binciken wannan fanni, wanda ya fara a Shanghai a 2006, da zaman da aka yi a Dagstuhl ta Jamus a 2008, sun sa rashin tabbas a tsakiyar magana: na'urar awo tana iya yin ƙarya, hoton da manhaja ke riƙe da shi yana iya tsufa, jama'a suna iya yin abin da ba a zata ba. Hanyoyi biyu suka fi ƙarfi. Ta farko ita ce tantancewa da lissafin yiwuwa ana cikin aiki, wadda Radu Calinescu da Carlo Ghezzi da Marta Kwiatkowska da Raffaela Mirandola suka yi wa kira a 2012: kafin a ɗauki mataki, a sa manhaja irin PRISM ta lissafa yiwuwar matakin zai karya alkawari. Matsalarta lokaci, in zaɓuɓɓuka sun yi yawa, kafin lissafi ya ƙare hali ya canza. Ta biyu ita ce aro daga injiniyoyin sarrafa na'ura, waɗanda suka daɗe da sanin yadda ake tabbatar da cewa zagaye ba zai yi ta lilo ba. Daga nan ne wasu masu bincike a Suwidin, cikinsu har da Cristian Klein da Martina Maggio, suka fito a 2014 da dabarar rage haske: a raba shafi zuwa abin da ya zama dole da abin ƙawa, a sa maɓalli tsakanin 0 da 1 mai ƙayyade kashi nawa na baƙi za su ga ƙawar. Ni wannan hanyar ta fi kwanta mini ga ɗalibin majistir, domin ana iya gama ta a shekara ɗaya kuma hujjarta tana tsayuwa.

Ƙirƙirarriyar basira ba ta rufe ƙofar ba, ƙara mata faɗi ta yi. Na'urar da ke koyo ta hanyar gwaji sai ta yi kuskure kafin ta iya, to a kan wa za ta yi kuskuren, a kan alhazai? Manyan manhajojin harshe kuma suna iya karanta tarihin matsala su ba da shawarar gyara mai ma'ana, amma tambaya ɗaya sau biyu tana iya samun amsa biyu. In za ka sa su a zagayen, wurinsu hawa na sama ne, suna ba da shawara, ƙa'idojin gini suna tacewa, mutum yana iya cewa a'a.

Wani abu kuma da ba na so ya wuce ka, don ya fi damuna fiye da lissafin. Duk tsarin da ke daidaita kansa, wani ne ya gaya masa abin da ya fi muhimmanci. In aka ce a yanke duk buƙatar da ta wuce daƙiƙa kaza don a ceci saura, wa aka yanke? Ba mai sabuwar waya a Riyad ba. Tsoho ne a wani ƙauye bayan Damagaram ko Gumel, da ƙaramar waya da layi mai rauni, wanda ya shekara goma yana tara kuɗin. Maƙalu da yawa matsakaicin lokacin amsawa suke aunawa, matsakaici kuwa yana ɓoye irin wannan mutumin. Kai da ka tashi kana ganin alhazanmu suna sauka da jakunkunansu, ka fi masu rubuta maƙalun sanin wanda ake bari a baya. In ka sa wannan a cikin ma'auninka, ka kawo abin da ba kowa ke kawowa ba.

Ga yadda zan kama in ni ne kai. Kada ka ce za ka gina tsarin Hajji mai kula da kansa. Wannan aikin ma'aikata ɗari ne, kuma ba wanda zai ba ɗalibi bayanan alhazai, bai ma kamata a ba shi ba. Ka ɗauki filin gwajin da masu bincike suka riga suka amince da shi. SWIM, wanda Gabriel Moreno da Schmerl da Garlan suka fitar a 2018, yana kwaikwayon shafin intanet, kana iya ƙara saba ko rage ta ko murɗa maɓallin rage haske, kuma sabuwar saba tana ɗaukar lokaci kafin ta tashi, kamar a zahiri. In na'urorin awo ne suka fi jan hankalinka, irin waɗanda za a iya bazawa a tantuna don auna zafi, akwai DeltaIoT na rukunin Danny Weyns a Jami'ar Leuven ta Beljiyam, na 2017, mai ƙananan na'urori, inda ake ciniki tsakanin ƙarfin batir da ɓacewar saƙo. Littafin gabatarwar da Weyns ya fitar a 2020 shi ne zan sa ka fara karantawa, kafin maƙalu su yi maka yawa.

Tambayar da nake ganin ta dace da kai ita ce ta cunkoson da aka san lokacinsa. Yawancin tsare-tsaren nan jira suke abu ya faru su mai da martani, kuma maƙalu da dama har yanzu da bayanan shafin gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa suke gwaji. Namu cunkoson daban yake. An san ranar Arfa, an san sa'ar buɗe rajista, an san minti nawa ne tsakanin kiran salla da tayarwa, an san ana sallame salla dubban wayoyi za su kunnu lokaci guda. Hawan kuma a tsaye yake, ba gangare ba, ya fi saurin tashin kowace saba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Moreno ya yi aiki tun 2015 a kan shirin da ke lissafa jinkirin mataki ya fara shi tun kafin a buƙata. Kai sai ka tambaya: in aka ba zagayen kalandar Hijira da lokutan salla a rumbun saninsa, nawa zai rage karya alkawari, nawa zai ƙara kashewa, kuma me zai faru ran da hasashen ya kuskure? Wannan na ƙarshen kada ka tsallake shi. A 2019 alhazai sun kusa miliyan biyu da rabi, a 2021 ba su wuce dubu 60 ba saboda annoba. Tsarin da ya haddace shekarun baya kawai, da ya yi ta tanadin sabobi don baƙin da ba za su zo ba.

Ka kwatanta naka da abubuwa uku: tsarin da ba ya canzawa sam amma an ba shi sabobi isassu, da mai bin ƙa'idar Kubernetes da na lissafa maka, da dabarar rage haske ita kaɗai. Ka maimaita kowane gwaji sau da yawa, ka nuna har da inda naka ya sha kaye, domin masu tace maƙalu a tarukan SEAMS da ACSOS da mujallar TAAS wannan suke fara nema. Ka rubuta ƙa'idojin da tsarinka ba zai taɓa karyawa ba, irin iyakar layukan rumbu da hana kashe sabar da ke tsakiyar biyan kuɗi, tun kafin ka rubuta layin farko na manhajar.

Kafin ka koma wurin mushrif, ka ɗora SWIM a kwamfutarka, ka ƙirƙiri cunkoso mai siffar bayan sallar Juma'a, ka bar mai bin ƙa'ida ya fuskance shi, ka zana lokacin amsawa minti bayan minti, ka ware layin masu raunin intanet daban. Mako biyu ya ishe ka. Ka kai masa wannan zanen da tambayarka a jimla ɗaya. In ka shigo Jidda ka zo da shi mu duba tare, ina ofis Lahadi zuwa Laraba bayan azahar. Allah ya yi wa karatun albarka, ka gaishe da mutanen gida.